Ranar Da Hatimi Ya Hau Bene

Kullum da safe Mai Hatimi zai goge teburinsa, ya gyara zaman hula, ya zauna gaban kwamfuta kamar mai jiran surukai. Aikinsa shaidar sa hannu ne: ya duba katinka, ya tabbatar kai ne, ya ga ka sa hannu da son ranka, sannan ya buga hatimin da hukuma ta ba shi. Makon jiya ya yi ritaya. Ƙungiyarsu ta yi taro, aka raba lambobin yabo ga masu manyan riguna, shi kuwa ko sunansa ba a ambata ba. Abin ya ƙona mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A ofishinsu hatimi ba ya ƙetare ƙofa. Mai sa hannu sai ya zo da ƙafarsa, ko da ƙafar ta daina aiki. Wata rana aka kawo masa wata tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki, tana son naɗa 'yarta wakiliyarta kan sha'anin asibiti. A hawa na huɗu na wani bene suke zaune, maƙwabta suka sauko da ita a kujerar roba kamar buhu. A bakin ofis ƙafar kujerar ta karye, zani ya zame, ɗankwali ya faɗi, 'yan layi suna kallo. Ba ta yi kuka ba. Sai da ya miƙa mata biro ta ce, "Ɗan nan, gara in mutu a sama da a sake saukowa da ni."

Ga shi takardar wakilcin tana da wa'adi. In ta ƙare ba a sabunta ba, 'yar ba ta da bakin magana a asibiti.

Ana nan sai doka ta yarda a yi shaidar ta bidiyo, amma sai mutum ya yi kwas, ya ci jarrabawa, ya karɓi sabon lasisi. Abokan aikinsa suka taɓe baki. "Da furfurarmu za mu koma aji? Ai mai ƙishirwa ke zuwa rijiya." Ji fa! Girman kai rawanin tsiya. Mai Hatimi, mutumin da yake danna kwamfuta da yatsa ɗaya, ya je ya yi rajista. Ya faɗi jarrabawar farko, aka yi ta yi masa dariya har da riƙe ciki. Ya ji zafi ƙwarai, amma duk lokacin da ya rufe ido ɗankwalin nan yake gani a ƙasa. Ya koma, ya ci.

'Yar ce ta ba ni labarin ranar sabuntawa. Ta kira shi, fuskarsa ta fito a waya, tsohuwa ta ce ya jira. Aka ɗaura mata ɗankwali, aka sa mata kwalli, shi yana zaune yana jira. Da ta shirya, ya miƙe tsaye ya gaishe ta. Ya duba katinta, ya ce 'yar ta jingine wayar ta fita waje.

"Inna, da son ranki za ki sa hannun nan?"

"Da son raina." Ta ja yatsan hannunta mai lafiya a kan gilashin wayar, sannan ta yi masa kallon sama da ƙasa. "Ɗan nan, yau kai ka hawo benen. Sannu da gajiya."

Kai ne wannan, Mai Hatimi. Kai ka yarda a yi maka dariya don kada a sake kallon tsiraicin uwar wani a bakin titi. Su riƙe lambobinsu, su rataye a bango, gizo-gizo ya yi musu saƙa. Mu mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma da hatimi yake hannunku yanzu, tsofaffi suna can sama suna jira. Ku hau.