Tukunyar Da Yaya Ta Saya Domina

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ni matar aure ce a unguwar Makera cikin Kaduna, da 'ya'ya uku. Tun da na gama sakandare, daga gida sai Islamiyya. Maƙwabciyata nas ce, Kirista daga kudancin Kaduna, ta girme ni sosai, Yaya nake ce mata. Ita ta karɓi haihuwar autana, kuma in ina azumi ko ruwa ba ta sha a gabana.

Da ɗanta ya gama jami'a, sai ta ce za ta kai mu wani gidan abinci da wata 'yar Jamaika ta buɗe. Maigidana ya ba ni izini, na ci kwalliya, don ban taɓa cin abinci a irin wurin ba. Aka kawo mana shinkafa da wake da aka dafa da madarar kwakwa, da soyayyar agada, da naman akuya mai ƙamshin kori. Na yi bisimilla ke nan sai na ji mutumin teburin kusa ya ce a ƙaro masa alade, aka kawo a faranti irin nawa sak. Na miƙe zan fita. Yaya ta riƙo gefen mayafina tana roƙona in zauna ta yi mini bayani. Na fizge, na ce mata a gaban 'ya'yanta ashe duk shekarun nan jira take ta ciyar da ni haram.

Ban tsaya nan ba, na kai labarin Islamiyya. Matan da ke buga mata ƙofa in yaro ya yi zazzaɓi suka daina ko gaishe ta. Sau biyu tana sallama a ƙofata, na ce a ce ina barci. Da gari ya rikice suka tashi zuwa unguwar Romi, ta taga na ga ana loda kayansu, ban fito ba.

Bayan shekara biyu, mahaucinmu na Tudun Wada ya tambaye ni ina Yayata mai tsanani. Yana dariya ya ce bai manta ranar da ta sa ya yanka akuya a gabanta ba, ga sabuwar tukunya da wuƙa a leda za ta kai wa mai gidan abincin, wai ƙanwarta ba ta cin abin da take shakka. Ban san yadda na kai gida ba. Washegari na nemi gidansu a Romi. Ɗanta ya ba ni kujera, ya kawo ruwa, sannan ya ce tun damina suka binne ta. Ya ɗauko tukunyar daga saman kabad, ya ce ta hana kowa girki a ciki, tana cewa ta ƙanwarta ce in ta huce ta zo.

Na yi istigfari, na yi sadaka, amma haƙƙin mutum sai shi ya yafe, ni kuwa na rufe mata ƙofa lokacin da take da bakin yafewa. Tsoron haram ne ya jefa ni cikin ƙazafi, wanda shi ma haram ne. 'Yan uwa mata, in wanda ya saba yi muku alheri ya ce ku tsaya ku ji, ku tsaya. Tukunyar tana ɗakina, har yau na kasa ɗora ta a wuta.