Malam Haladu Mai Lamba, Wanda Ƙyanda Ta Ci

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Haladu a garin Gumel a shekarar 1934, mahaifinsa Malam Ilu baduku ne, mahaifiyarsa kuwa Kande mutuniyar Gagarawa ce. Ya yi elementare a Gumel, sannan ya koyi aikin tsabta a Kano.

Aiki da Iyali

A 1956 En'e, wato hukumar gargajiya, ta ɗauke shi aikin lamba, wato rigakafin agana, daga baya aka haɗa masa da allurar ƙyanda, cutar da shi kansa bai taɓa yi ba. Shekara goma sha shida yana zagaya ƙauyukan Maigatari da Sule Tankarkar a kan keke, iyaye mata suna ɓoye masa yara a rumbu, yana bi yana lallashi. Ya auri Malama A'i a 1958.

Jinya

A 1972 ƙodojinsa suka gaza. A 1974 gwamnati ta kai shi Ingila, aka yi masa dashen ƙodar ƙanensa Ya'u. Likitoci suka bayyana masa cewa maganin da zai hana jikinsa ƙin ƙodar yana raunana garkuwarsa, don haka allurar ƙyanda ta haramta gare shi, kariyarsa kawai ita ce a yi wa duk yaron da zai kusance shi. Da ya dawo, bai bar yaro ko ɗaya a unguwarsu ba sai da aka yi masa allurar.

Ajali

A watan Maris na 1976 yayarsa Sabuwa ta zo dubiya daga Sule Tankarkar da jikarta, wadda Sabuwar ta ɓoye lokacin da masu allura suka je garinsu. A gaban jama'a ta ɗora masa ita a cinya domin ya sa mata albarka. Ya ga jan ido, ya ji tarin, ya kuwa san abin da yake gani fiye da kowa a wurin, amma kunyar yayarsa ta hana shi mayar da yarinyar. Abin takaici ne ƙwarai.

Rasuwa

Yarinyar ta warke. Shi kuwa cutar ta sauka masa a huhu, ya rasu ranar Talata, 13 ga Afrilu, 1976, aka yi masa sutura a Gumel bayan sallar la'asar. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ya bar 'ya'ya huɗu: Larai, da Ɗanjuma, da Rabi'atu, da Audi, wanda aka haifa wata uku bayan an rufe mahaifinsa.