Ranar da Aka Rubuta Babana Cikin Masu Lafiya

Babana tsohon soja ne. Ya je yaƙin kan iyaka ina ƙarama, ya dawo da guntun ƙarfe a cinyar hagu da kunne ɗaya da ya daina ji. A unguwarmu ta Zongo ba mai kiran sunansa, Sarzan kawai ake cewa, wato saje.

A farkon shekarun dubu biyu, tun ba a rushe mana unguwa ba, aka yi shela a rediyo cewa gwamnati za ta bi tsofaffin sojoji gida gida ta ga halin da suke ciki, don a san mai bukatar magani. Lokacin ina aikin buga takardu a wani shago a unguwar Paspanga. Ranar da aka ce za a zo gidanmu na nemi izini na zauna.

Baba ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya maƙala lambobinsa biyu a ƙirji. Sandar da yake dogarawa kuwa ya tura ta ƙarƙashin gado. Da hantsi wani saurayi Bamoshe ya iso kan ƙaramin babur na mobilet, da jaka cike da takardu. Inna ta kawo masa zom-kom, ruwan garin gero, a kwano, ya sha, ya yi godiya, ya zaro biro.

"Sarzan, yaya jikin?"

"Alhamdu lillahi."

"Kana samun barci?"

"Lafiya lau."

"An rubuta nan kana da rauni a ƙafa."

"Da sauƙi, ɗana. Tsohon zance ne."

Ina tsaye bakin ƙofa ina kallon biron yana sauka cikin akwatin farko, na masu lafiya, a kowane layi. Ni na san a zaune Baba yake salla. Na san in damina ta faɗi cinyar kumbura take yi ta fashe, Inna ta yi ta wankin tsumma kullum. Na taɓa ganin tayar mota ta fashe a titi, ya zube ƙasa ya rufe kansa da hannu, mutane suna kallo. Amma 'ya ba ta ƙaryata ubanta gaban baƙo. Saurayin ya rufe jakarsa ya tafi.

Bayan wata huɗu aka liƙa sunaye a bangon ofishin tsofaffin sojoji. Na tsaya can da zan tafi aiki. Waɗanda za a ba katin asibiti suna gefe ɗaya. Sunan Baba yana ɗaya gefen, cikin masu lafiya. Ƙasa da shi kaɗan na ga sunan abokinsa mai noman salati a bakin dam ɗin Tanghin, mutumin da tari ya cinye har matarsa ce take jan ruwa tana ban ruwa.

Na buga takardar ƙorafi da Faransanci a wurin aiki, na kai wa Baba ya sa hannu. Ya ture ta.

"Ban ɗauki bindiga don in ƙare da bara a ofis ba."

"Baba, ba bara ba ce. Haƙƙinka ne."

"Na ce a'a. In tsaya gaban sa'an ɗan cikina ina lissafa masa ciwo?"

Inna tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago kai ba. Sai da ta gama ta ce, "Malam, kai kwanaki ka yi a yaƙin nan. Ni tun ranar da ka dawo nake cikinsa. In ba ka sa hannu ba, ni ina da ƙafa."

Kwana biyu muna yawo ni da ita, Zongo, Ouidi, har Tanghin. Duk gidan tsohon sojan da muka shiga labarin ɗaya ne: maigida ya gode wa Allah, an rubuta shi garau. Mata bakwai suka yarda su bi mu. Inna ta ce kowacce ta ɗauko abin da mijinta ya ɓoye ranar da aka zo. Ita ta cika kwanon sha da tsummokin ɗaurin ƙafa, ta rufe da faifai, ta kuma ɗauke sandar Baba yana barcin rana.

Mai gadin ofis ya ce sojoji kaɗai ake karɓa, su ma sai da katinsu. Inna ta shimfiɗa tabarma a baranda, daidai inda duk mai shiga sai ya tsallake mu. Nan muka yi azahar. Wajen la'asar shugaban wurin ya fito, wani mai furfura da tabarau, ya tambaya da Faransanci wa ke magana da yawunmu. Na miƙe. Na ce a kira mana wanda ya zo gidajenmu. Aka kira shi.

Ya ce, "Madmazel, abin da suka faɗa na rubuta. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Na juya harshe zuwa Mosanci. Na ce, "Kai in tsohuwarka tana kwance aka gaishe ta, me take cewa? Ba laafi bala, lafiya lau, take cewa ba? Sai ka fasa kai ta asibiti?"

Ya sunkuyar da kai. Inna ta ɗage faifan, ta tura kwanon gaban takalmin shugaban. Matar mutumin Tanghin ta warware gefen zanenta ta zube kwalayen magani da suka ƙare. Shugaban ya ja da baya, ya ce ya ji tausayi ƙwarai, amma an rufe dosiye, wato fayil ɗin sunayen, an aika sama. Na fassara wa Inna.

Ta ce, "Gaya masa wanda ya rufe yana da hannu, ya buɗe. Mu gobe ma muna nan."

Muka dawo washegari, muka kuma dawowa. A rana ta uku mun kai mu goma sha biyar, har da wasu matan Mosawa da suka ji labari a kasuwa. Ranar aka shigar da mu ciki, aka ba mu kujeru. Suka yarda za a sake zagayawa tare da ma'aikaciyar jinya, kuma za a tambayi matar gida ita kaɗai, ba gaban mijinta ba.

Mako guda Baba ba ya amsa gaisuwata. Da ma'aikaciyar ta zo ya ƙi ɗage wando, sai da Inna ta tsaya kansa ta ce ba za a ɗora tukunya a gidan ba sai an duba. Ya juya fuska bango, aka duba. Matar ta daɗe tana rubutu.

Katin ya fito bayan babbar Salla, aka cire wa Baba ƙarfen a asibiti. Abokinsa na Tanghin bai kai ba, ya rasu saura kwana tara nasa ya iso. Matarsa tana fita takaba ta ɗauki katin ta mayar ofis, ta ajiye kan teburin shugaban, ta ce a sa shi cikin dosiye don na gaba su gani.

Baba ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Har ya rasu, in zancen ya taso cewa yake na tona masa asiri gaban duniya. 'Yan uwana sun sha matsa mini in nemi gafararsa. Na nemi gafararsa a kan abubuwa da yawa, amma ban taɓa nema a kan wannan ba.