Ranar da Mubashir Ya Kwance Jan Dodo

A kasuwar Murshid Bazaar da ke Dubai, in ka tambayi Mubashir ɗan Fagge, za a nuna maka wani siririn mutum da salatif a wuyan hannu kamar awarwaro. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana ɗaurin kaya a wani ofishin kago, masu aika kaya ƙasashen waje. Kwalin da ya naɗe, ko daga bene ya faɗo, tangaran ɗin da ke ciki ba zai san an yi ba. Aƙidarsa ɗaya ce, duk abin da kake so ka naɗe shi.

Akwai wani wasan kati da ya koya wajen 'yan Filifin da suka yi zaman ɗaki ɗaya. Ba kartar caca ba ce, dodanni ne ake zanawa a jiki, kowa ya tara nasa a zo a kara. A shekararsa ta biyu ya buɗe fakiti ya ci karo da katin da suke kira Jan Dodo, wanda aka buga kaɗan aka daina. Ranar ko abinci kasa ci ya yi. Ya ɗauki hotonsa, sannan ya yi masa irin gatan da ya iya: ledar naɗin kaya, salatif zagaye bakwai. Ya ɓoye shi a kabad ɗinsa na sito, tunda ɗakin kwana mutum takwas ne.

Jan Dodo bai taɓa hawa teburi ba, amma shi ya ba Mubashir kujera. Duk Lahadi bayan la'asar su shida suke haɗuwa a wani shagon shayi a bayan unguwar Naif. Da gardama ta tashi sai a ce, "A tambayi mai Jan Dodo." In sabbin kati sun fito, shi ke yanke hukunci a zaurensu na waya, kuma maganarsa ita ce ta ƙarshe.

Kwatsam bana kamfanin ya sake buga tsofaffin katunan, har da Jan Dodo. Kuma wa ya samu? Musah, ɗan zangon Kumasi da ke gadi a wani otal a unguwar Port Saeed, mutumin da bara-baran nan ya shigo wasan, ko shafal, wato cakuɗa kati, bai iya ba. Ba ma ɗaya ya samu ba, biyu! Ran Lahadi a shagon shayi aka yi caa a kansa, kowa na son ya taɓa. Shayin Mubashir ya huce a gabansa bai kurɓa ba. Kishi ne kawai, ba wani abu ba.

Washegari ya saki hukuncinsa a zaure, saƙon murya na minti tara. Ya ce takardar shara-shara ce, jan ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki, idon dodon kuma kamar na mai jin barci. "Jabu ne mai lasisi," in ji shi. "Wanda ya taɓa riƙe na asali ba zai kalli wannan ba. Khalas, shi ke nan."

Gaskiya dai bai ma riƙe sabon ba, daga nesa ya harare shi. Hassada kuwa ga mai rabo taki ce, domin a satin nan Musah ya lallasa kowa.

Musah bai ji haushi ba, wannan ne ma ya fi ƙona wa Mubashir rai. Cewa ya yi, "Massa, maigida, kawo na asalin ran Lahadi mu jera, mu ma mu koyi abu."

Sauran suka ce wallahi haka za a yi. Ba hanyar zillewa.

Ran Lahadi Mubashir ya ajiye ƙunshin a tsakiyar teburi, ya zaro rezar aikinsa, yana yanka yana kallon Musah ta gefen ido. Zagaye bakwai suka fita lafiya. Ledar ƙarshe ce ta ƙi. Zafin Dubai na shekara tara a sito mara iska ya narkar da ita ta manne da katin. Ya ja a hankali, ya ƙara ja, sai fuskar dodon ta biyo ledar. Abin da ya rage a hannunsa farar takarda ce da ɗan guntun wutsiya.

Sulaiman, injiniyan da ya fi kowa surutu a cikinsu, salati kawai ya iya yi.

Musah ya turo masa ɗaya daga cikin nasa. "Riƙe wannan, Massa. Biyu sun yi mini yawa."

Mubashir ya so ya ƙi, hannunsa ne ya riga shi. Ya murza takardar tsakanin yatsu, ya ji ta da kauri, jan kuma har walƙiya yake. Ya fi nasa kyau, ya sani, kuma ba zai taɓa faɗa ba. Yatsunsa suka nufi salatif ɗin hannunsa.

"A'a, habibi," in ji Musah. "Wannan kam na bugawa ne. Yalla, maza raba."

Aka fara wasa. Ba a jima ba gardama ta kaure, sai Sulaiman ya ce, "A tambayi mai Jan Dodo."

Mubashir ya gyara murya. Amma duk kawunan wajen Musah suka juya.