Na Danna R, Makirufo Ya Tona Ni

Jama'a, yau na yi abin kunya a studiyona na Kankara!

Kun san ni da fankama, wai ba na taɓa linzamin kwamfuta, da madannai kawai nake aiki. To, Baba Ɗanjuma mai kukuma ya zo daga Ketare ɗaukar waƙar noma. Da ya fita sallar azahar, sai na danna R maimakon Ctrl da S. Ina zaton na adana, ashe ɗauka na kunna. Ban ko kalli jar alamar ɗauka ba!

Na kira abokina a waya ina dariya: "Tsohon nan muryarsa ta mutu, baiti na biyu kamar ƙofa mai tsatsa!"

Baba ya dawo. "Ɗana, sa mini in ji."

Na danna dogon madannin kunnawa. Muryata ta cika ɗakin! Innalillahi! Na rasa madannin tsayarwa, ni gwanin madannai.

Na durƙusa. "Baba, ka yafe mini."

Ya ɗauko kukumarsa. "Baitin ya shaƙe, gaskiyarka. Mu sake. Amma naka kada ka goge, tura mini a waya. Babanka abokina ne, shi ma ya ji."