Ɓarin Goro ta Rariya

Yayana ya hana ni ganin fuskar mahaifinmu a watanni biyu na ƙarshen ransa. Laifin da ya yi mini ke nan, kuma ba zan shafa masa zuma ba.

Shekarar da murar nan mai kayar da mutane ta shigo Damagaram ne, saura kaɗan Nasara su tafi. Ina Takieta ina lebura a gyaran hanya, don aji uku na yi a lekol aka koro ni. Yaya kuwa ya ƙare karatu, yana aiki gidan likita da farar riga. Abin da ya faɗa a gidanmu na Birni ya zauna.

Baba baduku ne. Ido ya yi rauni, ya bar ɗinki, amma bai bar zaure ba. Da hantsi zai hau buzunsa, tsofaffin unguwa su cika tabarmi, ya fasa goro ya miƙa ɓari ga na kusa. Bai taɓa cinye goro shi kaɗai ba, ya ce wannan cin marar kowa ne. Inna ta daɗe da rasuwa, zaman nan shi ke riƙe da shi.

Da murar ta tsananta a gari, yaya ya naɗe tabarmi, ya kulle zaure, ya mai da Baba ɗakin ƙurya. Ya ce tsoho in ya kamu ba ya tashi, a riƙa ajiye masa tuwo a bakin ƙofa, kada kowa ya shiga. Na hau kamyo, babbar motar kaya, na zo, ya tare ni, wai na cuɗanya da leburori, ƙila na kwaso.

Sai na zaga lungun bayan gida. Akwai rariya a gindin katanga kusa da ɗakin, inda ruwan sama ke fita. Na durƙusa cikin yashi na yi sallama. Na ji jan takalmi, sannan muryar Baba ta fito daga ƙasa.

"Auta, kai ne? Ka ci abinci?"

Daga ranar, kowace Lahadi nan muke hira, ni waje, shi ciki. Yana tambayar abokansa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka binne sai in ce suna gaishe shi. Yana yi mini ba'a, wai duk zuriyarmu ba wanda ya taɓa zuwa zance wurin rariya sai ni, in nemi mata in huta. In za mu rabu ya fasa goro ya turo mini ɓari. Yatsunsa kawai nake gani.

Lahadin ƙarshe ban sami mota ba. Ranar Talata aka aiko mini cewa Baba ya rasu. Bai yi tari ba, bai yi zazzaɓi ba, tuwon dai ya riƙa komawa yadda aka kawo shi. Bayan jana'iza na leƙa lungun, na tarar da ɓarina a bakin rariya, tururuwa na kai. A ɗakinsa kuma ga ƴar ƙwarya cike da busassun ɓari, na duk ranakun da ba wanda ya zo.

Ranar sadakar uku, zaure a buɗe, tabarmi a shimfiɗe, yaya yana gaya wa mutane cewa alhamdu lillahi murar ba ta taɓa Baba ba. Na jira aka watse, na ajiye ƙwaryar a gabansa.

"Gaskiyarka, yaya, mura ba ta same shi ba, ka tsare shi da kyau. Ga rabon mutanen da ka kora, ya ajiye musu. Kai da kuke kwana gida ɗaya, ko sau ɗaya ba ka tsaya bakin ƙofa ka karɓi ɓari ba."