Baba Badamasi, Mai Aske Kan da Babu Gashi

Kowace safiya, kafin 'yan acaɓa, da muke kira 'yan bensikin, su cika titunan unguwarmu New Bell da hayaƙi, Baba Badamasi ya riga ya share rumfarsa a gefen masallaci, ya shimfiɗa tabarma, ya buɗe zabira yana wasa aska. Rabin mazan unguwar nan shi ya yi musu askin suna, yau ga shi yana aske musu furfura. Bana ya ce hannunsa ya fara rawa, zai rataye zabira, shi ya sa na ce bari in jinjina masa tun yana jin abin da ake faɗa. Amma ku sani tun farko, kishinsa nake yi.

Taubashin mahaifina ne, ɗan kawunsa, abokin wasansa tun suna yara. Ni kuwa ɗan fari ne, tsakanina da mahaifina, da muke kira Baba, sai gaisuwa a durƙushe da "to, madalla". Da Baba ya kwanta rashin lafiya, likita ta ce ciwon daji ne, ni na riƙa neman izini a ofis ina kai shi asibiti. Ni ke zama gefen gado ana ƙara masa ruwan maganin da ake kira shimiyo, ni ke tara masa roba in amai ya taso. Mahaifiyarmu Dada ta dama kunu iri-iri, ƙanwata Zaituna tana ta zirga-zirga daga unguwar Yassa da farfesun kifi. Gidan duk muka koma magana ƙasa-ƙasa. Baba ya gode wa kowa, bai yi wa kowa murmushi ba.

Da gashin kansa da gemunsa suka zube, ko masallaci ya daina fita. Rannan ya tara mu ya ce ya gama da asibiti, zai koma Garwa ya jira ikon Allah cikin dangi, alhali maganin ko rabi bai kai ba. Na yi magiya har da hawaye. Ya juya fuskarsa bango.

Ranar Juma'a sai ga Baba Badamasi da zabira. Dada da Zaituna shaida ne, ni ma ina bayan labule.

"Idirisu, tashi in yi maka aski."

"Askin me? Makancewa ka yi?" in ji Baba.

"Mon frère, ɗan'uwana, yau Juma'a. Ba na fashin aske kiliya, mai zuwa min aski, don kansa ya zama ƙwai."

Ya shafa masa ruwan sabulu, ya juya aska yana bi da bayanta don kada ya ji masa rauni, fuska a murtuke kamar aikin gaske yake yi.

"Na ji za ka Garwa. Bon voyage, a sauka lafiya. Ka dai bar min makulli. Dada na fita takaba zan aiko da goro."

"Kai? Da wane haƙorin za ka ci tuwonta?"

"Ai kunu ta ƙware a kai yanzu. Daidai ni."

Baba ya yi dariya har da tari. "Wallahi ba ka isa ba," ya ce, "ina nan daram." Ranar komawa asibiti, shi ya riga ni shiryawa, da hularsa a kai.

Na yi murna, amma abin ya tsaya min a rai. Watanni ina hidima, mutum ya zo da sabulu da baƙar magana ya yi abin da na kasa. Na ma gwada sau ɗaya, na ce, "Baba, kan nan fa yana ƙyalli." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in gaida mutanen ofis.

Daga nan kowace Juma'a sai an yi askin. Baba Badamasi ya zo da tsire a takarda, ya zauna yana ci shi kaɗai yana santi, har Baba, wanda ya ƙi farfesun Zaituna, ya fizge ya cinye. Shi ya ja shi masallaci da cewa sahun gaba ya huta da munsharinsa. A bakinsa muka ji Baba na tsoron allura, mu 'ya'yansa ba mu taɓa sani ba.

Baba Badamasi, na Idirisu, aska mai tausayi. Kai ne ka ƙi yi masa kallon gawa lokacin da mu masu sonsa muka fara. Kai ne ake gani kana tsayawa a lungu kana share ido da hannun riga bayan ka gama zolayar, mai shayin bakin layi ya faɗa min, kada ka musa.

Baba ya kammala shimiyo. Likita ta ce a ci gaba da zuwa ana dubawa, sauran na Allah ne. Da muka dawo gida rannan, ni na riƙe hannunsa har ɗaki, kuma abin da ya fara cewa shi ne, "Ina tsohon banzan nan?" Ni aka aika in kira ka.

Jama'a, in akwai mara lafiya a gidanku, ku kai kunu, ku kai magani, amma kada ku tare ƙofa ga wanda zai tsokane shi. In ku ne masu ikon wasa da shi, kada ku bari ciwo ya sa ku ladabi.

Na gode, Baba Badamasi. Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ni dai har yau in ka shigo, bayan labule nake tsayawa ina sauraron dariyar mahaifina da ba ni na jawo ta ba. Tana ci min rai, kuma ina roƙon Allah kada ya yanke min ita.